Ƙosan Ruwan Fari

Assalamu alaikum Yaya Hauwa,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya jiki, ya ƙafar taki? Ya maigidan da yara, ya sanyin ƙasar mutane? Mu nan Abuja lafiya lau, alhamdulillahi.

Yaya, wata baƙuwa ce ta tuno mini da Kaka. Malamar jami'a ce daga Japan, tana bincike kan yadda jikokin waɗanda suka yi yaƙin Burma ke tunawa da shi. Abokiyar aikina ce ta haɗa mu, na kai ta Kuje wajen Kawu Sale.

Kin tuna ƙosan da Kaka yake sa a soya duk ranar ruwan fari, mu yi ta wawaso a zaure? Cewa yake sadakar wani ce da ya baro a Burma, mu kuma muka ɗauka abokinsa ne. Ina faɗin haka sai Kawu ya ce, "Wane aboki? Sojan Japan ne. Baba ya tsince shi da rauni ana ruwan sama, ya ba shi ruwa, ya cika a hannunsa."

Matar ta kashe rikodarta. Ashe nata kakan can ya tafi bai dawo ba, ko kabarinsa ba su sani ba.

Tana neman izinin rubuta labarin. Na ce sai babbarmu ta yarda, don haka amsarki nake jira.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Hadari ya fara haɗuwa a nan, ni kam har na jiƙa wake.

Ƙanwarki,
Bilkisu