Ba Zan Dangwala Yatsa Ba

Zuwa ga ɗan ƙanena Modu, a Damaturu.

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya Falmata da yara? Mu nan Gashua lafiya lau, sai gwiwa da ta ƙi ni.

Bayan haka, saƙonka ya iso, wai in bar taurin kai in dangwala wa mutanenku na gwamnati yatsa. Ranar Laraba suka zo da takarda, wai jiha na neman shinkafa, za a yanka filin hanyar Katuzu a raba. Tunda na fi kowa tsufa, suna so in shaida ba a taɓa yin burtali a wurin ba.

Modu, ta nan kakanka yake kora shanu zuwa kasuwar Nguru. In kun toshe hanyar, saniya ba ta tashi sama, gonar mutane za ta faɗa. Ranar da aka zare adda kuna ofis, mu ne masu ɗaukar gawa.

Ban yi boko ba, amma ba a tsufana zan koyi ƙarya ba. In suna sauri, su jira a binne ni.

Ka gaida Falmata. A sa mu a addu'a, kai kuma Allah ya shirye ka.

Baffanka, Gambo