Garar da Ke Zaɓen Littafi

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Kula da Laburaren Garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne Isiyaku Bala, wanda ya riƙe laburaren nan har ya yi ritaya ya koma noman dawa a Maska. Na rubuto a fili ne saboda Malama Rakiya, wadda ta gaje ni. Ita ma'aikaciyar gwamnati ce, dokar aiki ta ɗaure mata baki. Ni nawa bakin ritaya ta kwance shi.

Na ɗaya. Bayan girbin bana na je laburaren duba rahoton rabon takin zamani na shekarun baya, na tarar da gurbinsa wayam. Haka littafin iyakokin burtali, haka tsofaffin jaridun da suka buga labarin takin da filayen, waɗanda muka ɗinke da hannunmu. Masinja ya ce mini wai gara ce ta ci su, an zuba a buhuna an kai sito, ana jiran ranar ƙonawa.

Ranka ya daɗe, na daɗe ina fama da garar ginin nan, na san halinta. Daga ƙasa take farawa, ta jikin bango, kuma ba ta iya karatu ba. Wannan kuwa ta tsallake kantar ƙasa, ta ƙyale ƙamus, ta ƙyale littafin kiwon kaji, ta haura ta tsinci abin da ya shafi taki da fili kaɗai, daidai lokacin da aka fara buga gangar zaɓe. Ni ban taɓa ganin gara mai katin jam'iyya ba.

Na biyu. An kawo wa Malama Rakiya takarda ta sa hannu cewa littattafan sun lalace. Ta ce a buɗe buhunan ta gani tukuna. Ba a buɗe ba. Sai ga takardar tuhuma daga ofishinka, wai tana siyasa a bakin aiki, kuma ina ji ana maganar sallamarta. Wallahi abin ya ƙona mini rai. Matar nan da kawunta ya fito takarar kansila, ta hana a liƙa hotonsa ko a jikin katangar laburare, har yau ba ya amsa gaisuwarta. Abin da na koya mata ke nan: mai kula da laburare ba ya ɗaga tutar kowa, ba ya kuma ɓoye littafi don kowa. Doka ɗaya ce, ba biyu ba. Wanda ya kwashe littafi don kada wani babba ya ji kunya, shi ya shigo da siyasa ɗakin, ba wadda ta ce a bar shi a kan kanta ba.

Na uku, kuma a nan ne raina bai kwanta ba. Wa ya ba da umarnin? Duk wanda na tambaya sai ya ɗaga ido ya ce daga sama ne. Babu suna, babu sa hannu. Na dai san cewa wasu manoma daga wajen Ƙarfi sun zo tare da wani Arɗo, suka nemi littafin burtali, saboda wani mai hali ya kewaye hanyar shanu da waya. Malama Rakiya ta ba su suka duba, kamar yadda za ta ba mai wayar, da a ce shi ne ya zo. Ba a jima ba garar ta bayyana. Ba zan rantse ba, amma ni ba yaro ba ne.

Don haka ina roƙo, don girman Allah, a janye tuhumar nan, a bar baiwar Allah ta yi aikinta. A buɗe buhunan a gaban masu karatu, abin da ke da lafiya ya koma gurbinsa. In kuwa kwamiti ya dage sai an ƙona, to kada a yi shi a bayan sito. A yi ranar kasuwa, a karanta sunan kowane littafi a lasifika jama'a su ji, sannan kai da kanka, ranka ya daɗe, ka ƙyasta ashanar.

Allah ya yi maka jagora, ya raba ka da masu zuga, ya sa ka sauka daga kujerar nan da mutuncinka.

Wassalam,
Isiyaku Bala, Maska