Kujera Sittin, Baya Ɗaya

Gwaggo, ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da za a daɗe ana ba da labarinsa.

Ni mai gyaran rediyo da lasifika ne. Shekara huɗu ke nan ina tara masu sha'awar kiɗa da waƙa na unguwarmu duk Asabar ɗin ƙarshen wata da la'asar, a ɗakin taron wata makaranta da shugabanta ya ara mana. Aikin sa kai ne. Mun fara mu bakwai, yanzu mukan kai sittin. Akwai tsohon direba mai busa sarewa, akwai wata nas da in ta ɗaga murya sai tsigar jikinka ta tashi, akwai wanzami mai ganga wanda kunnensa bai san "ya isa" ba, ga ƙanin matata da jitarsa.

To amma wa ke share ɗakin? Ni. Wa ke kwaso kujera sittin daga sito, can ƙarshen baranda, biyar-biyar a ka? Ni. Ni ke rufe shago tun azahar in turo lasifika a baro, in ja wayoyi. In an tashi kuwa kowa ya kaɗe rigarsa, a bar ni da tsintar ledojin ruwa.

Wata uku da suka wuce bayana ya riƙe. Likita ya ce kada in ƙara ɗaukar abin da ya fi buta nauyi. Na tsaya gaban taro na faɗa. Na sha sannu har da ta sayarwa, amma da aka tashi ko kujera ɗaya ba wanda ya taɓa.

Watan jiya sai na buɗe ƙofa kawai, na zauna a dokin ƙofar na harɗe hannu. Suka yi ta zuwa suna tsaye cirko-cirko. Wanzami har tambayata ya yi ko ɓarayi ne suka kwashe kujerun. Kin san abin da suka yi? Suka zauna a ƙasa da kan tagogi, suka yi waƙarsu, wai ma haka ya fi daɗi! Ban share ba na tafi. Ranar Litinin shugaban makaranta ya kira ni, ya ce in aka sake barin ɗakin haka zai karɓe makullinsa.

Yanzu ƙanin matata ya kai wa yayarsa ƙara wai na wulaƙanta mutane. Ita kuma ta ce in rufe abin in huta, tunda ba gadonsa na yi ba. Kada ki ce ban taɓa ba su dama ba. Wanzami ya taɓa jera kujeru, a karkace, sai da na sake. Nas ta taɓa naɗe min waya kamar igiyar shanya, na nuna mata kuskurenta a gaban kowa don wasu su koya.

Gwaggo, ba zan rufe ba. Ni na haifi abin nan, kuma tsohon direban nan ya ce min tun rasuwar matarsa ba inda yake dariya sai nan. Amma wallahi ba zan roƙi kowa ba. Masu ido ne.

Mai Ciwon Baya

Ɗana Mai Ciwon Baya,

Sannu da ƙoƙari. Gaskiyarka ce, sun yi maka rashin kara. Mutum ya ce muku likita ya hana shi ɗaukar kaya, ku bi shi da sannu ku wuce, wannan abin kunya ne. Ina kuma bayanka kan ƙin rufewa.

Amma ka ba ni aron kunnenka. Shekara huɗu suna tarar da ɗaki a gyare, ka saba musu, sabo kuwa turken wawa ne. Mutum biyu da suka miƙo hannu, ɗaya ka rushe aikinsa, ɗaya ka ba ta kunya a bainar jama'a. Sauran suna kallo, sun kuwa koya: sun koyi cewa kayanka ba a taɓawa. Sanarwarka kuma jifa ce a kasuwa, kowa ya ɗauka da na kusa da shi kake.

Raba aiki ba roƙo ba ne, shugabanci ne. Kafin Asabar ɗin nan ka taka ka sami mutum uku, ɗaya bayan ɗaya. Fara da nas, ka ba ta haƙuri. Wanzami ka damƙa masa kujeru, in ya jera su a karkace ka kau da kai, a zauna a haka. Surukinka mai kai ƙara, baro da lasifika sun dace da shi. Ka gaya musu maganar shugaban makaranta yadda ya faɗe ta, don na tabbata ba su sani ba. A kafa doka: ba a buga ganga sai an jera, ba a fita sai an share.

Matarka kuma ba taronka take ƙi ba, bayan mijinta take ji. Ka bi umarnin likita ko da za a yi wata uku ana waƙa a ƙasa.

Allah ya ba ka lafiya, ya haɗa ka da mataimaka na gari, ya kuma ba ka haƙurin barin su su taimaka.

Gwaggonku