Geron Akawal

Anka, 9 ga Disamba, 2003

Zuwa ga maigidana Bilyaminu, wanda ya tsere Gummi ya bar amaryarsa da hularsa.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da gwaggonka Salamatu da ta ba ka maɓoya. Ni lafiya lau, ban da gwiwa.

Hularka tana nan, na wanke ta. Ban ga lokacin da ta faɗi ba, don ni idona yana kan ingarman ubanka. Kai, Akawal ya yi suna! Tun da aka fara bajekolin manoma a Anka ba a taɓa ganin dokin da ya shigo fili da ƙafa biyu ba sai naku. Ana jan dawaki ɗaya bayan ɗaya gaban alƙalai, kowane kai sunkuye awa mai zuwa ta'aziyya, sai ga naka ya hangi goɗiyar wani Bafillace daga Bagega. Ya yi haniniyar da ta sa mai lasifika ya yar da takardarsa. Ya fizge ragama, ya ja ka ƙasa, ya ture teburin alƙalai, ya tattake kabewar da ta zo na ɗaya. Abin da ya so ya yi gaban rumfar mata kuwa, alƙalamina ba zai rubuta ba. Maƙwabciyata Hure ta rufe fuska da gyale, amma na ga ta bar ƙofa wajen ido.

Mata suna ta tambayata, wai halin gidanku ne? Na ce ban sani ba, ni dai mijina ko gaisuwar 'yan mata bai iya ba.

Shin ubanka me ya ce da aka mayar mishi da dokin Bukkuyum? Ba don komai nake tambaya ba.

Ka huta lafiya. Amaryarka,
Tasalla

Gummi, 13 ga Disamba, 2003

Zuwa ga Kaka Tasalla,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, takardarki ta iso ta hannun direba. Ki yi haƙuri, wannan karon ba zan iya rama wasan ba.

Baba ya aiko mini. Ya ce dokin da ba ya jin hannu ba a barinsa ingarma, don haka ya kira mai dandaƙa ranar Juma'a mai zuwa. Ya kuma ce hannuna ba na doki ba ne. Kin san Akawal shi kaɗai ya rage daga jinin goɗiyar marigayi Kaka Malam. In aka dandaƙe shi, wannan iri ya ƙare, kuma ta hannuna ya ƙare.

Abin da ke damuna shi ne ban san inda na yi kuskure ba. Wata uku ina shirya shi. Kullum da safe kilisa har ya yi gumi. Na saba mishi da tsayawa kusa da goɗiya, da farko daga nesa, sannan ina matsowa kaɗan-kaɗan, har ya kai yana cin harawarsa ba ya ko ɗaga kai. Na rage mishi gero don jininsa ya kwanta. Da na kawo shi gidanki kwana shida kafin taron na koma Bukkuyum ɗauko kayan sirdi da sauran shiri, na bar miki ƙaramin kwano na ce ɗaya da safe ɗaya da yamma, kuma Malam Tanko na bayan gidanki ya yi alkawarin fita da shi kullum. Amma ranar nan da na kama ragamarsa, sai na ji kamar ba dokina ba.

Wataƙila Baba ya yi gaskiya. Ba zan iya haɗa ido da shi ba.

Ki sa ni a addu'a. Jikanki,
Bilyaminu

Anka, 15 ga Disamba, 2003

Bilyaminu,

Ina gaishe ka. Wannan ita ce takarda ta uku, biyun farko na sa su a murhu.

Kwanon nan naka, da ka tafi na ɗauka na duba shi na ce wanga ai na kaza ne. Da rana Hure ta shigo ta leƙa turke ta ce, "Tasalla, Bukkuyum ba su yi gero ba bana? Ga haƙarƙari ina ƙirgawa." Ƙarya take yi, ko ɗaya ba a gani. Amma ta faɗa a gaban mata huɗu, kuma dokin jinin gidan marigayi Malam ne.

To, na aje kwanonka na ɗauko ƙwaryar da nake tankaɗe a ciki. Sau uku a yini. Na haɗa mishi da wake. Na dama mishi kunun kanwa. Har dabinon da aka kawo mini tsaraba shi ya cinye. A kwana na biyu jikinsa ya fara sheƙi awa an shafa mai, sai ga Tanko da linzami. Na ce, "Ina za ka da shi? Ka kai shi fadama ka ɓata mini shi da laka?" Ya ce ai kai ka sa shi. Na ce ni na haifi uban wanda ya sa ka. Ya rataye linzami ya tafi. Kwana biyar Akawal na turke yana ci yana haƙar ƙasa, ni kuma ina kiran mata su zo kallo.

Ranar taron, tun da ya ɗaga ƙafa na san gerona ne ke tashi. Na ga ana jan ka a ƙasa, na ji mutane na dariya, sai ni ma na yi dariya da ƙarfi don kada a dubi fuskata. Sannan na zo gida na rubuta maka waccan takardar. Ita ta fi ba ni kunya.

Ka aika wa ubanka ka gaya mishi. Ka ce ni na ce.

Kakarka da ba ta cancanci gaisuwa ba,
Tasalla

Gummi, 16 ga Disamba, 2003

Kaka,

Ina gaishe ki, kuma kin cancanta. Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Daga baya na tuna ƙwaryar tankaɗenki, Gwaggo Salamatu ta ishe ni ina dariya ni kaɗai.

Amma in daga bakina ta fito, Baba zai ce kaka ce ke rufa wa jikanta asiri. Sai dai ke ki gaya mishi. Na san shi ne ɗanki na fari. Tun da nake ban taɓa jin kin kira sunansa ba, ban taɓa ganin kin yi mishi magana ba sai ta bakin wani. Na san abin da nake roƙo. Saura kwana uku.

Jikanki,
Bilyaminu

Anka, 17 ga Disamba, 2003

Musa,

Ga shi na rubuta. Shekara arba'in da bakwai ke nan. Da aka koya mana baƙaƙe a ajin yaƙi da jahilci, malama ta sa kowa ta rubuta sunayen 'ya'yanta, ni na fara daga Salamatu, ta ce ashe biyar gare ni, na ce e.

Ina gaishe ka da iyalinka. Ban san yadda ake gaishe ka ba, ka karɓi wannan.

Dokinka ba shi da laifi, yaronka ba shi da laifi. Ni na cika shi da gero da wake kwana shida, na hana a fita da shi, don Hure ta ce ya rame. Ka tambayi Tanko, ka ce na sake mishi baki. Ubanka ya sha gaya mini cewa ingarma in ya ƙoshi bai yi gumi ba, ko liman ya hau shi sai ya kayar da shi. Na sani, na yi.

Yaron nan ya sa dokin ya ci harawa kusa da goɗiya. Kai ka san ko ubanka bai iya haka ba.

Ka sallami mai dandaƙa. In dole sai an hukunta wani, ga ni a Anka, ba na iya gudu.

Kada ka amsa wannan takarda. Kada ka nuna wa matarka. Ka ƙona ta.

Wadda ta haife ka

Anka, 20 ga Disamba, 2003

Maigidana Bilyaminu,

Gaisuwa. Ka haɗa kayanka ka koma Bukkuyum, Akawal yana nan da kayansa cif. An ce gobe da safe kai za ka fita da shi.

Na ce wa ubanka kada ya amsa, sai ya zo da kansa jiya bayan Juma'a. Ina jin sallamarsa na faɗa ɗaki na saki labule. Ya zauna a bakin ƙofa har la'asar, yana magana da bango. Ya ce wa bango ya sallami mai dandaƙa. Ya ce wa bango takardar tana aljihunsa kuma ba zai ƙona ba. Sannan ya ce, tunda hannu ya iya, ko baki ma zai gwada sau ɗaya.

Na gyara murya. Na jiƙa leɓe. Wallahi na yi niyya.

Na ce, "Kai, wancan, ka ci abinci?"

Ya ce bai ci ba. Na miƙa mishi tuwo ta ƙarƙashin labule, ya cinye tas.

Allah ya kiyaye hanya.
Tasalla