Silen da Gwaggo Ta Sayi Albasa da Shi

Ratnagiri

Zuwa ga 'yata Mrunal,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Mun gode da karɓar da kuka yi mana a Kolhapur.

Na sha yi miki tsiya a kan ƙunshin sulallan da kike ɗaukowa daga banki, ki duƙufa da gilashi a ido kina neman wanda injin gwamnati ya buga a karkace. To, yau tsiyar ta dawo kaina. Silena na dabo ya ɓace a garinku. A ido rupi biyar ne, amma murfi ne da ciki, in na raba su ɗaya ya zama biyu. Marigayi malamina ya ƙera shi da hannunsa. Ina jin mai shayi na biya da shi, kuma 'yan kasuwar nan bankinki suke kai canji.

In kin sake shi a kan dutse ba ya kuka kamar 'yan'uwansa, sautinsa a dakushe yake. A gefensa akwai layi siriri kamar gashi. Ki taimaki tsoho, ina buƙatarsa kafin ƙarshen damina.

Kawunki,
Bhalchandra

Ratnagiri

Mrunal,

Ina gaishe ki. Na san tsohon nan ya rubuto miki, ni na kai wasiƙar gidan waya. Ki daina zargin mai shayi. Ni na zare silen daga aljihun rigarsa muna gidanku, na sayi albasa da shi a kasuwarku, kuma ban yi nadama ba.

Ba zai gaya miki ba, amma hannunsa rawa yake yi yanzu. Bara wata makaranta ta gayyace shi wasa. Silen ya suɓuce, ya rabe biyu a gaban yara, suka yi ta sheƙa dariya. Ya dawo gida ya juya wa bango fuska, abinci ma sai da na yi da gaske. Ga shi sun sake aiko masa da gayyata. Ba zan iya sake ganin wannan ba.

In kin same shi, ki jefa a kogin Panchganga tare da sulallan masu neman albarka, ki rufe bakinki.

Gwaggonki,
Sulabha

Kolhapur

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina fata gwiwar ta yi sauƙi.

Da wasiƙarki ta zo na yi niyyar barin zuwa banki sai bayan damina. Ban iya ba, kin san ciwon. Ma'ajin ma da ya hango ni sai ya tura min ƙunshin ba tare da na yi magana ba. Na yi makonni ina warwarewa, na samu wani rupi biyu da aka buga wa shekara sau biyu, har na yi rawa a tsakar gida. Ina cikin tattara ragowar ɗaya ya faɗi ƙasa, sai na ji sautin nan a dakushe. Na sa farce a gefe, ya buɗe.

Na je kan gada da shi, Gwaggo, na daɗe a tsaye. Da wannan silen Kawu ya lallashe ni ranar da aka ƙona gawar Baba bisa al'adarmu, lokacin da na ƙi kowa. Hannuna ya ƙi sakinsa.

Yana cikin gwangwanin yajin da na aiko miki, a ƙulle cikin tsumma. Ban rubuta wa Kawu ba. Ke kika fitar da shi, ke za ki yanke.

'Yarki,
Mrunal

Ratnagiri

'Yata Mrunal,

Gaisuwa da godiya wadda takarda ba za ta ɗauka ba. Jiya na ɗaga kofin shayi na tarar da silena a kan faranti, yana ƙanshin barkono. Gwaggonki tana can tana goge tukunyar da ta riga ta goge.

Kar ki damu, na san komai tun a gidanku. Wanda ya tsufa yana kallon hannuwa ba zai kasa ganin na matarsa a aljihunsa ba. Makaranta kuwa tuni na ba su haƙuri. Jiya ranar aurenmu ta zagayo, don ita nake nemansa. Da iyayena suka kai ni ganinta tana budurwa, ta ƙi ɗaga kai sai da na mayar mata da sile ɗaya biyu. Ita kaɗai nake so in sake yi wa.

Na gwada. Ya suɓuce, murfin ya gangara ƙarƙashin kabad. Ta durƙusa da gwiwar nan tata ta lalubo shi, ta haɗa su, ta danƙa min a tafin hannu.

Ta ce, "Sake, tsoho. Ban ga komai ba."

Kawunki mai godiya,
Bhalchandra