Yaya Nasiru, Sun Cire Inna Daga Waƙarta

Assalamu alaikum Yaya Nasiru,

Bayan gaisuwa mai yawa irin wadda ƙanwa take yi wa wanta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. A shafina zan saka ta, kuma na san mutanen da zan yi magana a kansu za su karanta. Su karanta ɗin.

Ranar Asabar aka yi taron tunawa da kai a wani otal a unguwar Rayfield, nan Jos. Tun da na dawo bakina yake ɗaci. Amma bari in faro daga tushe, don da yawa sun san waƙoƙinka, kai ne ba su sani ba.

Kana tune da shagon ɗinkin Baba a Dutse Uku? Ya zaunar da kai a kan keke, kai kuwa ƙafarka kari take bi kamar mai kiɗa. Da la'asar sai ka sulale gidan maƙwabcinmu Malam Dung, mai koyar da mawaƙan coci, ya ɗora maka yatsu a kan fiyano. Baba ya yi faɗa har ya gaji. Maganarsa ta ƙarshe ita ce: "Tunda ka ƙi allura, kada ka yi kiɗan da zan ji kunyarsa." Ba ka kuwa yi ba.

Situdiyonka na unguwar Congo-Russia ɗaki ɗaya ne, ka lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai da tsohuwar katifa. A nan ka zauna kana rubuta waƙoƙin R&B masu sanyin kiɗa, kana haɗa Hausa da Turanci da Broka a baiti guda, kuma su zauna daram. Ko a shekarun da garin nan ya rabu, kowa yana tsoron unguwar wani, ƙofarka ba ta tambayi sunan kowa ba. Kakan ce: "Makirufo bai san addini ba, ƙarya kawai yake ganewa."

A ɗakin nan Sadiƙu ya same ka. Ba zan faɗi sunan da yake amsawa yanzu ba, ya ishe shi talla. Cajar waya yake sayarwa a kasuwar Taminus, yana da murya amma bai iya riƙe numfashi ba. Kai ka koya masa, kana dafa masa citta da zuma, kana sa shi maimaita layi ɗaya har ya yi fushi. Waƙoƙinsa na farko duk alƙalaminka ne. A kwano ɗaya kuke cin tuwo, Inna tana kiransa ɗana.

Waƙa ɗaya ce ka hana shi. Wadda ka rubuta wa Inna bayan rasuwar Baba, lokacin da take tashi cikin sanyin Jos tana suyar ƙosai don mu yi karatu. "Inna ki huta, ɗanki ya girma." Da muryarka ka rera ta, ba ka sake ta a gari ba. Ka ce ta cikin gida ce. Sadiƙu ka tura wa don ya ji kawai, saboda ka ɗauke shi ɗan gida.

Ya tafi Legas, ya yi suna. Kai kuma ciwon ƙoda ya kwantar da kai. Malam Dung ya zo dubiya yana dogara sanda. Matan da ka taɓa haɗa wa waƙar coci sun zo da kunu. Sadiƙu kuwa ko waya ba ya ɗauka. In na fara mita sai ka ce: "Bar shi, Hadiza, hanya ce ta yi masa nisa." Har ka cika kana ba shi uzuri.

Ba a gama rufe ka ba hotunanka suka cika waya. Mutanen da ba su san gadon da ka kwanta ba, kowa ya zama amininka.

Da katin gayyata ya zo, ni na lallashi Inna. Na ce ai karrama ka za a yi. Ta ɗaura atamfarta ta Sallah.

Yaya, a ƙyallen da suka rataya a bakin ƙofa, hoton Sadiƙu ya ninka naka girma. Sunan Baba ma ba su rubuta daidai ba. Kujerun gaba na wani ɗan takara ne da muƙarrabansa, mu aka kai mu gefe kusa da lasifika.

Sadiƙu ya hau dandamali da baƙin tabarau. Ya ambaci sunanka, muryarsa ta karye, ya cire tabarau ya share ido. Sai mai ɗaukar bidiyo ya yi masa alama da hannu cewa bai shirya ba. Da idona na gani: ya mayar da tabarau, ya koma baya, ya sake ambaton sunanka, muryar ta sake karyewa a daidai wurin da ta karye ɗazu. 

Daga nan aka saki kiɗa. Da jin fiyanon farko Inna ta damƙe hannuna, fuskarta ta washe, ta ce waƙarta ce. Sai Sadiƙu ya buɗe baki: "Talaka ka huta, Oga ya iso." Ya dinga jera sunan ɗan takarar a duk gurbin da ka sa Inna. Aka tashi ana liƙi, ana ɗaga masa hannu. Ya kuma gaya wa jama'a wai shi da kai kuka rubuta ta, wai burinka kenan.

 Inna ta gyara mayafi ta miƙe, na bi ta. A bakin get wani yaron Sadiƙu ya tare mu, wai ogansa yana gaisuwa, yana tambaya ko kwamfutarka tana nan, a fitar da sauran waƙoƙin don kada su ɓata. Na ce ya gaya masa tana nan, kuma nan za ta zauna.

Yanzu duk Keke Napep ɗin da aka shiga, waƙar Sadiƙun ake sawa. Da can kullum da safe Inna takan ce in kunna mata taka ta asali tana dama koko. Shekaranjiya na kunna, ta ce in kashe. Na ce ai muryarka ce. Ta ce ta sani, amma da kiɗan ya fara, sunan mutumin nan kunnenta yake jira.

Wannan ne na kasa haɗiyewa, Yayana. Ina kewarka. Ina kewar yadda kake gunjin kiɗa ƙasa-ƙasa da loma a bakinka, da yadda kake tsokanata wai muryata ta korar kaji ce. Da kana nan na san uzuri za ka nemo masa. Ni ban gaji wannan halin ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya haɗa ka da Baba a Aljanna. Allah ya sanyaya zuciyar Inna. Su kuwa, na bar su da Wanda ya ji waƙar tun ranar da ka rubuta ta.

Taka har abada,
Ƙanwarka Hadiza,
Dutse Uku, Jos.