Wutar da ke Zuwa Masallaci

Zuwa ga Yaya Shakiru,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sauƙaƙa muku sanyin Hamburg. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mma ta yi sauƙi, har tana zuwa kasuwar Kejetia da kanta.

Ka tambaya me ya sa farantan sola shida da ka aiko suka yi wata uku a kan rufi ba a haɗa su da layin wuta ba, alhali ƙanwarka tana hidimar ƙasa a ofishin wuta. Wata uku da kwana tara ne, Yaya, kuma ba sakaci na yi ba. Gidaje goma sha bakwai a unguwarmu sun riga mu sa sola, kowa yana mayar da rarar wutarsa kan taransifoma ɗaya. Ofis ya dakatar da ba da sababbin takardun izinin haɗa sola, domin lokaci-lokaci ƙarfin wutar yana haura bolt 253, wanda shi ne iyaka, kayan mutane na iya ƙonewa. Shugabana, Injiniya Boateng, ya ce taransifomar ce ta tsufa, a jira sabuwa, wataƙila shekara biyu.

Na ɗauki awon ƙarfin wutar na mako takwas na bi shi rana-rana. Sai na ga duk hawan ranar Juma'a yake, daga ɗaya saura kwata zuwa biyu saura minti goma. Lokacin ne teloli da masu walda da masu niƙa suke kashe injuna su tafi masallaci, rana kuwa tana tsaka, wutar babu mai sha. Sau uku na sake lissafi kafin na iya buɗe baki. Injiniya ya yi dariya, ya ce wata biyar yana kallon lambobin nan bai taɓa duba kalanda ba.

Mun roƙi kwamitin masallaci su riƙa kunna famfon rijiyar burtsatse a wannan lokacin, Inna Mamunatu mai ƙanƙara kuma ta yarda ta tayar da firizanta huɗu, don su shanye rarar wutar. Juma'a huɗu a jere ƙarfin wutar bai wuce 246 ba. Ranar Talata aka haɗa namu. Duk da haka, kowace Juma'a da na sallame azahar nake zama gaban na'urar awo har masu walda su dawo.

Mma tana ta gaya wa maƙwabta wai 'yarta ce ta koya wa wuta zuwa masallaci. Sau biyu na yi mata bayani, yanzu na ƙyale ta.

Ka gaishe mini da Anti Hadijatu da yara. Mma tana gaishe ka, tana sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Fareeda